Maƙwabciyarmu ta gayyace mu gashin Lahadi a mashaya, maigida ya ce ba za mu je ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune da maigidana da yaranmu biyu a wani ƙaramin gari kusa da Biradfod, a yankin Yokshiya na ƙasar Ingila. Muna da maƙwabciya, tsohuwa ce Baturiya, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo kuma yana Ostireliya. Tun zuwanmu ita ta riƙe mu. Ita ta nuna mana yadda ake rajistar likita, ita ke ɗauko mana yara daga makaranta duk ranar da aikina ya ci karo da na babansu, har yaran Kaka suke ce mata. Farkon Disamba za ta cika shekara 80. Ta ce ba ta son biki, abin da take so kawai mu raka ta, tare da ƙawayenta biyu, mu ci gashin Lahadi a wurin da suka saba zuwa ita da marigayin mijinta. Don murna nan take na amsa. Daga baya na gane wurin mashaya ce da ake sayar da abinci a ciki. Maigida ya ce shi ba zai shiga gidan giya ba, ba kuma za a kai masa yara ba, naman ma ba yankan Musulmi ba ne. Ni kaina ban san abin da zan iya ci a can ba. Kunya ta hana ni komawa in ce mata mun fasa, har na fara laɓe mata idan na hango ta. Saura mako uku. Wani lokaci sai in ji kamar in tafi ni kaɗai, in ce masa aiki zan je. Anti ki ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Wasiƙarki ta nuna ke mai tuna alheri ce, kuma abin da ya sa ki a tsaka mai wuya ke nan. Zan fara da maganar da kika rufe da ita: tafiya a ɓoye da sunan aiki, ki cire ta daga ranki gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na wannan kuwa ya fi kowanne. Garinku ƙarami ne, Kaka za ta ɗauki hoto a waya, kuma ranar Litinin da ta haɗu da maigidanki a ƙofar gida za ta ce masa ta yi kewarsa jiya. Daga nan maganar ta tashi daga abinci ta koma ta amana tsakaninki da mijinki, ita kuma baiwar Allah an jefa ta cikin rigimar da ba ta san hawanta ba. Laɓewar ma ki daina daga yau. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai tana saurin lura idan aka canja mata fuska, kuma ba za ta kawo maganar naman halal a ranta ba, za ta ɗauka wani laifi ta yi muku.

Ki fahimci nauyin abin da ta roƙa. A wurin Ingilishi, musamman tsararta, gashin Lahadi shi ne abincin iyali na mako. Asalinsa a da akan sa nama a wuta kafin a tafi coci, a dawo a tarar ya gasu, kowa ya hallara a teburi ɗaya, kamar dai yadda gidajenmu kan cika ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Matar da ta rasa miji, ɗanta yana wata duniya, ta ce ku take so ku zauna da ita a wannan teburi ranar da ta cika 80, to gurbin iyali ta ba ku. Sannan kalmar mashaya a kunnenmu da abin da take nufi a wurinta sun ɗan bambanta. Da ranar Lahadi, yawancin waɗannan wurare cike suke da iyalai da jarirai da tsofaffi, da ɓangaren cin abinci daban da kantar shaye-shaye, kuma doka ta yarda yara su shiga idan suna tare da babba. Ita dai wurin da ta saba zama da mijinta take gani.

Amma wannan bai soke maganar maigidanki ba, kuma kada ki ɗauke shi mai tsaurin banza. Ko ya wurin yake, giya ake sayarwa, kuma ƙawayen nan biyu da wuya su ci abincin zagayowar haihuwa ba tare da kofin giyar inabi a gabansu ba. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake shan giya a kansa. Uban da ba ya son yaransa su taso suna ganin haka ba komai ba ne, yana kan hanya. Inda zan ja hankalinsa shi ne, a'a kawai ba ta wadatar ba ga matar da ta yi muku abin da ta yi. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan Musulmi ba, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Don haka aikin da ke gabanku shi ne ku nemo hanyar da za a karrama ta ba tare da an taka abin da yake gudu ba. Kuma ki lura, damuwarsa biyu ce, ba ɗaya ba: akwai ta wurin zama, akwai ta abin da ke cikin faranti. Kowace da maganinta.

Bari in daɗe a kan farantin, domin nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Sukan ce ai ba zan ci naman ba, zan ci dankali da ganye kawai, alhali naman shi ne abin da ya fi sauƙin kauce wa, tunda ana ganinsa. Farantin gashin Lahadi yakan zo da yankakken nama, na sa ko rago ko kaza ko alade, wani lokaci talotalo, da gasasshen dankalin turawa, da karas, da kabeji ko burokoli ko koren wake, da wani farin tushe mai zaƙi da suke kira fasnif, da Yokshiya fudin, sannan a kwarara romo mai kauri da ake kira girebi a kan komai. Dankalin nan da kike gani kamar ba ruwansa, abin da ke sa shi ƙamas-ƙamas shi ne kitsen da aka gasa shi a ciki. Gidajen da ke ji da kansu da kitsen dinya ko na agwagwa ko kakiden sa suke yi, wasu ma a cikin tiren naman suke jera shi. Wasu kuwa man girki suke amfani da shi, wanda ba shi da matsala. Ba ki da hanyar ganewa da ido, sai an tambaya. Haka Yokshiya fudin: kwaɓin fulawa ne da ƙwai da madara, babu haram a ciki, amma a gargajiyance a cikin kakiden sa mai zafi ake zuba shi ya kumbura. Girebi kuwa daga ruwan da ya tsatso daga naman ake yinsa, kuma da yawa sukan zuba jar giyar inabi ko biya don ɗanɗano. Idan wuri yana gasa alade da sa da kaza, kuma tukunyar girebi ɗaya ce, kin ga inda aka kwana.

Za a ce miki ai giyar tana ƙonewa a wuta. Ba ta ƙonewa duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kusan kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ake ɗorawa a gefe ba tare da an rubuta su baro-baro ba. Wani dunƙulen burodi da albasa da ganyen ƙamshi da ke raka kaza, wanda suke kira stofin, sau da yawa da niƙaƙƙen naman alade ake haɗa shi. A Disamba, lokacin da za ku je ke nan, kusan ko'ina ana ƙara ƙananan sosej da aka naɗe da siririn naman alade, domin kayan Kirsimeti ne. Kabeji da 'yan ƙananan kabejin nan na hunturu akan soya su da gutsattsarin alade, jan kabeji kuma akan dafa shi da giyar inabi. Farin kabeji da aka gasa da cuku yawanci lafiya lau ne, amma shi ma a tambaya. Idan kika ce bari in gudu wurin kifi, ki sani soyayyen kifin mashaya galibi da biya ake kwaɓa fulawar da aka tsoma shi a ciki. Gasasshen kifi ko wanda aka soya a kasko ba kwaɓi ya fi aminci. A kayan zaƙi, wanda ake kira tirayful yakan ƙunshi giya, fudin ɗin Kirsimeti ma haka, wasu kek masu cuku kuma da jelatin ake daskarar da su, wanda sau da yawa daga alade yake. Dafaffiyar tuffa da aka gasa da garin fulawa da bota a kai, a zuba mata kastad, ita ce ta fi rashin rigima. A abin sha, wanda suke kira saida a Ingila giya ce, ba ruwan tuffa ba, shandi kuma rabinsa biya ne. Ku tsaya a lemo ko ruwan 'ya'yan itace ko shayi. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya bayar idan an nema.

Ki bincika kuma wane irin wuri ne. Akwai inda ake kawo wa kowa farantinsa daga kicin, akwai kuma inda ake bin layi, kuku yana tsaye da manyan gasassun nama uku ko huɗu a jere ƙarƙashin fitila mai zafi, yana yanka wa kowa, sannan mutum ya wuce ya ɗebi dankali da ganye da kansa. Irin na biyun ya fi araha amma ya fi wuyar sha'ani gare ku: naman alade yana kusa da na sa, ruwansu yana iya haɗuwa, wuƙa tana yawo, cokulan ɗiba kuma kowa yana ɗauka yana taɓa farantinsa da su. A irin na farko kina iya yin magana da kicin a shirya miki naki daban.

To me ya rage a ci? Kusan kowane wuri yanzu yana da gashin Lahadi na marasa cin nama, ko dai dunƙulen 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da ganye da aka gasa, ko kabewa ko naman kaza na ƙasa, wato tsiron nan da suke kira mashrum, da aka naɗe a kwaɓin fulawa. Na waɗanda ba sa cin komai na dabba ya fi tsabta ta fuskar kitse, domin dole dankalinsu da mai ake yinsa, girebinsu ma na ganye ne, sai dai ba a sa musu Yokshiya fudin saboda ƙwai da madara. Abin da wannan bai kawar ba shi ne giya, don girebin ganye ma ana iya zuba masa. Maganar naman sa ko kaza da ba yankan Musulmi ba kuwa, malamai sun saɓa. Wasu sun kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida a kan abincin Ma'abota Littafi, wasu kuma suna ganin yankan mayankan zamani, inda ake sumar da dabba kuma ba a ambaton sunan Allah, bai shiga ciki ba. Tunda maigida yana tare da na biyun, ki bar naman, kada ki mai da ranar Kaka filin muhawara. Idan kuna son ku warware wannan don gaba, ku tambayi malamin da ke zaune a ƙasar, wanda ya san yadda abubuwa ke gudana.

Duk waɗannan tambayoyi ba a teburi ake yinsu ba. Ranar Lahadi kicin a hargitse yake, yarinyar da ke kawo abinci ba ta san da me aka gasa dankali ba, Kaka kuma za ta zauna cikin kunya tana kallon ana kai da kawo a kanku. Ki buga musu waya ranar Talata ko Laraba, tsakanin ƙarfe biyu da rabi da huɗu, lokacin da aka gama hidimar rana ba a fara ta dare ba, ki nemi manaja ko kuku. Kada ki tsaya a "halal ne?", domin amsar a'a ce kuma ba ta ƙare ki da komai ba. Ki tambaya ɗaya bayan ɗaya: da wane mai ake gasa dankali da fudin, ko a tire ɗaya da nama, akwai giya a girebin marasa cin nama, akwai alade a cikin ganye. Ki nemi su turo miki takardar alaji, wato jerin abubuwan da ke cikin abinci waɗanda jikin wasu ba ya karɓa. Doka ta tilasta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da alaji, kuma duk da cewa alade da giya ba sa cikin jerin, sinadarin salfayit yana ciki, kuma giyar inabi tana ɗauke da shi. Idan kika ga an yi wa girebi alamar salfayit, ba hujja ce yankakkiya ba, amma dalili ne na ƙara tambaya. Abin da kuka yi yarjejeniya a kai, ki ce a rubuta a jikin rajistar teburin.

Yanzu ga hanyoyin da nake gani, kuma zan fara da wadda na fi so. Ki je wurin Kaka ki faɗa mata gaskiya, ki roƙe ta a canja wurin. Kun yi sa'ar inda kuke zaune. A ƙidayar 2021, kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen gundumar Biradfod Musulmi ne, don haka gidajen abincin halal da ba sa sayar da giya ba su da wuyar samu, kuma akwai masu yin abincin Turawa. Ki nemi wanda ke yin gashin Lahadi, ki kira ki tabbatar. Ki tambayi wace hukuma ce ta tantance namansu, domin manyan hukumomin halal biyu na ƙasar sun bambanta: HMC ba ta karɓar dabbar da aka sumar kafin yanka, HFA kuwa tana karɓar wasu nau'o'in sumarwar. Ki bar maigida ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Ki duba makin tsabtarsu a shafin hukumar kula da abinci, daga 0 zuwa 5 ake bayarwa, kada ki kai mai shekara 80 ƙasa da 4. Ki tambayi ko akwai matakala, da nisan wurin ajiye mota, da ko ana kunna kiɗa da ƙarfi, domin tsoho mai na'urar ji ba ya jin hira cikin hayaniya. Idan wannan ta yiwu, kowa ya ci nama, yara sun je, maigida ya zauna hankali kwance.

Sai dai ki shirya wa yiwuwar cewa wurin ne kansa take so, saboda mijinta. Idan kika ga idonta ya canja, kada ki matsa. A nan hanya ta biyu take: ta je can da ƙawayenta kamar yadda ta tsara, ku kuma ku ɗauki nauyin kai ta da dawo da ita, maigida ya tuƙa, yara su ba ta kati da furanni a mota, sannan da yamma ta shigo gidanku a yanka kek a sha shayi. Kuna iya kiran wurin ku biya kuɗin abincinta tun kafin ranar, ta gama ci a ce mata maƙwabtanta sun biya. Sannan Lahadin da ke biye ku yi mata gashin a gidanku.

Kada wannan ya ba ki tsoro, ba abinci ne mai wuya ba, lissafin lokaci ne. Ki sayi cinyar rago mai nauyin kilo 2 a wurin mahaucin halal, za ta ishi mutum shida. Ki fitar da ita daga firij awa ɗaya kafin gashi, ki shafa mata mai da gishiri da tafarnuwa, ki sa a oben a zafin digiri 180 na Salshiyos. Don ta gasu sosai yadda muke so, ki ba kowane giram 450 minti 30, ki ƙara wasu 30 a kai, wato wajen awa biyu da minti 45. Idan kin fitar, ki rufe ta ta huta minti 20 zuwa 30, in ba haka ba ruwan zai zube a katako naman ya bushe. Dankali ki nemi nau'in Maris Piper ko King Edward, ki fere ki yanka manya, ki tafasa minti 8 zuwa 10, ki tsane, ki girgiza tukunyar har gefensu ya ɗan farfashe, sannan ki zuba su a man da ya riga ya yi zafi a tire, su yi minti 45 zuwa awa ɗaya a 200, kina juyawa. Idan man da sanyi suka shiga, sha za su yi su yi laushi. Fudin kuwa fulawa giram 140, ƙwai 4, madara mililita 200, da ɗan gishiri. Ki kaɗa ki ajiye ya huta rabin awa. Lokacin da naman ke hutawa ki ɗaga oben zuwa 220, ki ɗiga mai a kowane rami na tiren kek, ki bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi, ki zuba kwaɓin, ki rufe. Minti 20 kada kowa ya buɗe ƙofar, don da iska ta shiga za su lotse. Girebi daga ruwan tiren naman za ki yi, da cokali biyu na fulawa da romo. Ga shawarar da ta fi duk wannan: ki ce wa Kaka ke ba ki iya fudin ba, ta zo ta koya muku ke da yara. 'Yar Yokshiya mai shekara 80 da aka nemi ta koyar da fudin, an ba ta girman da babu kyautar da za ta kai shi.

Hanya ta uku ita ce ku je mashayar bisa sharaɗi, kuma wannan sai da yardar maigida ta gaskiya, ba wadda aka ƙwata da fushi ba. Sharaɗin shi ne tebur a ɓangaren cin abinci, nesa da kanta, kuma ba giya a teburinku. Ba ke za ki faɗa wa ƙawayenta ba, ita za ta yi, kuma Turawa da yawa ba sa ganin wannan a matsayin abin tashin hankali idan an gaya musu da wuri. Idan ya ce ke ki je shi da yara su tsaya, wannan ma mafita ce, muddin a fili aka yi ta. Idan kuwa ya ce ko da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, ki karɓa, ki koma ta biyu.

Duk gidan abincin da aka tsayar, akwai abubuwan da za su sauƙaƙa ranar. A kama tebur yanzu, don Lahadin Disamba tana cika da wuri, kuma wasu wuraren suna karɓar kafin alƙalami idan mutane sun kai shida ko takwas, kun kuwa kai bakwai. Gashin yakan fara daga sha biyun rana, kuma idan ya ƙare ya ƙare, waɗanda suka zo a makare su ke samun busasshen dankali. Ki lissafa salla: a farkon Disamba a yankinku azahar tana shiga wajen sha biyu, rana kuma tana faɗuwa wajen huɗu saura kwata. Ku yi azahar a gida, ku kama teburin sha biyu da rabi ko ɗaya, zaman yakan ci awa biyu, ku tashi da sauran lokacin la'asar. Idan a gidan halal ne kuka nemi naman sa, ki sani Ingilishi sun fi son cikinsa da sauran ja, don haka ku ce a yanko muku daga gefe, inda ya gasu sosai. Farin abin da ake kawowa tare da naman sa, hosradish, yajinsa a hanci yake tashi, ki gargaɗi yara. Rago kuma da miyar na'a-na'a mai tsami ake cinsa. Abincin zai yi muku lami, amma ki bar yajinki a jaka ranar, ki yaba abin da ya yi daɗi. Maganar kuɗi kuma ki warware ta tun a gida. A can gayyata ba kullum take nufin mai gayya ne zai biya ba, sau da yawa kowa nasa yake biya, a haɗa a biya wa mai bikin. Faranti ɗaya yawanci tsakanin fam 15 da 25 yake, na yara ƙasa da haka. Ki duba ƙasan takardar kuɗi ko an riga an ƙara ladan hidima, wanda kan kai kashi 10 zuwa 12.5, don kada ku ba da tukwici sau biyu.

Da maigida za ki fara, yau da dare bayan yara sun kwanta. Ki buɗe da cewa kin amsa gayyatar ba ki shawarce shi ba, kuma kin gane dalilinsa. Kada ki jera masa alherin Kaka kamar kina tuhumarsa da butulci, ya san su. Ki ajiye masa hanyoyin nan uku ki tambaye shi wacce zai iya tsayawa a kai. Namijin da aka ba zaɓi ya fi wanda aka ƙure saurin sassautowa. In son samu ne ku tafi wurinta tare, domin idan ke kaɗai kika je, za ta ɗauka shi ne ba ya son ta.

Ita kuma kada ku wuce ƙarshen makon nan ba ku same ta ba. Ku shiga da ɗan abin taɓawa, ku zauna, kada a yi maganar a bakin ƙofa. Ki fara da cewa kuna son ku kasance da ita ranar, sannan ki faɗi matsalar a gajarce: addininmu bai ba mu damar zama inda ake shan giya ba, namanmu kuma sai an yanka ta hanyarmu. Ba sai kin yi wa'azi ba, ba kuma sai kin yi ta ba da haƙuri ba. Ki gaya mata ma kunya ce ta sa kika yi ta laɓewa, don ta cire zargin kanta. Sannan ki tambaye ta wanne ya fi mata, a canja wuri ku je duka, ko ta je wurinta na da ku kai ta ku ɗauko ta, Lahadi mai zuwa kuma ta zo ta tsaya a kan fudin a kicin ɗinki. Ki ba ta kwana biyu ta yi tunani ta kuma tuntuɓi ƙawayenta, ranar Laraba ki kira wurin da aka tsayar ki kama teburin.